Da Wane Mudu Ake Auna Nasara?

A gidaje da yawa na Jimeta, daga Luggere zuwa Jambutu, daga Karewa zuwa Demsawo, akwai ranar da iyaye ba sa mantawa da ita: ranar da ɗansu ya shigo gida riƙe da takardar ɗaukar aiki. Akan yanka kaza, maƙwabta su shigo barka, ran Lahadi kuma a kai baikon godiya gaban ikkilisiya. Murnar ta kowa ce, domin kowa ya sa hannu kafin takardar ta samu. Uba ya sayar da buhunan masara tun kafin su yi daraja don a biya kuɗin makaranta, uwa ta kwashi adashinta ta sayi littattafai, kawu ya ba da ɗaki a gidansa har shekara huɗu. Albashin da zai fara shigowa ƙarshen wata kuwa, tun bai zo ba an riga an raba shi a zuci: kuɗin makarantar ƙanne, maganin kaka, kwanon ɗakin da ke yoyo.

To, a ɗauka bayan shekara biyar wannan ɗa ya zo da daddare ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ina so in ajiye aiki." Uban ya tambaya, "Ka sami wanda ya fi shi ne?" Ya amsa, "A'a, Baba. Fim nake so in shirya." Ba sai an faɗi irin shirun da zai biyo baya ba. In uban ya buɗe baki, abin da zai fito ba zai wuce wannan ba: "Ɗana, wasan kwaikwayo muka sayar da hatsinmu ka je ka koyo?"

Irin wannan zance ya daina zama baƙo. Kyamarar da a dā sai gidan talabijin ke da ita, yau tana cikin aljihun ɗalibi. Matasan da suka fara da wasan Kirsimeti a majami'a sun girma, waɗansunsu suna bayan tebur a banki ko a sakatariya, amma zuciyarsu tana wani wuri. Sa'ad da maganar ta iso gaban fasto ko dattawa, amsoshi biyu masu sauƙi sukan riga kowa zuwa. Ta fari ta ce yaron ya ruɗe, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ta biyu ta ce a bar shi ya bi abin da ransa ke so. Dukansu biyu sun tsallake ainihin tambayar, wato da wane mudu ake auna nasarar mutum, wa kuma ya ƙera mudun.

Ma'aikacin banki da naira goma

Desmond Ovbiagele ya yi shekaru yana aikin banki a fannin zuba jari, inda albashi ke da tsoka. Ya bar wannan kujera ya koma rubuta labarin fim da shirya shi. Fim ɗinsa na fari, Render to Caesar, ya fito a 2014. Na biyun, The Milkmaid, wato mai tallan nono, ya fito a 2020, kuma shi ne ya shafi wannan yanki kai tsaye. An ɗauke shi a Jihar Taraba, wadda har zuwa 1991 take haɗe da Adamawa a tsohuwar Jihar Gongola. Yawancin maganar cikinsa da Hausa aka yi ta, tare da Fulatanci da Larabci.

Tushen labarin yana jikin takardar naira goma. A bayanta akwai hoton 'yan matan Fulani biyu ɗauke da ƙoren nono. Takarda ce da ta ratsa hannun kowa, daga mai ƙosai har zuwa mai karɓar baiko, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su dubi hoton. Ovbiagele ya dube shi, ya tambayi kansa abin da zai sami 'yan matan nan biyu in da masu tayar da ƙayar baya sun auka wa ƙauyensu. Daga nan labarin Aisha ya fito, wadda take neman 'yar'uwarta Zainab bayan an kai musu hari an raba su. Anthonieta Kalunta ce ta fito a matsayin Aisha, Maryam Booth kuma ta fito a matsayin Zainab. Mutumin da sana'arsa ta koya masa duban lambar da ke jikin kuɗi, shi ne ya tsaya ya dubi fuskokin da ke jikinsu.

Mutanen Jimeta ba su bukatar a fassara musu wannan labari. A 2014, bayan faɗuwar Madagali da Michika, sannan Mubi a ƙarshen watan Oktoba, dubban mutane sun kwararo Yola da Jimeta da abin da ke jikinsu kaɗai. Sansanonin Malkohi da Damare sun cika, harabar Majami'ar St. Theresa ta cika, gidajen talakawa masu ɗaki biyu suka karɓi iyalai uku ko huɗu. A jaridu an mai da waɗannan mutane lambobi. Fim ɗin ya ba biyu daga cikin irinsu suna da fuska da murya.

Me ya biyo baya? Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ba ta amince da shi ba sai da aka yanke waɗansu sassa. A ƙarshen 2020 ya ci lambobin yabo biyar a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, har da ta fim mafi kyau. Shi ne kuma Najeriya ta aika gasar Oscar ta 2021 a Amurka, bayan da aka ƙi karɓar Lionheart a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Harshen Hausa ya kai shi bakin ƙofar, amma bai shiga jerin waɗanda aka zaɓa ba. Mai auna da kuɗi zai tambayi ribar da aka ci. Mai auna da suna zai ce ya je ƙofar ya dawo hannu wofi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tambayi macen da aka sace wa 'yar'uwa ko an faɗi gaskiya a kanta.

Hujjar iyaye tana da nauyi

Kuskure ne a ɗauki wannan labari a yi wa uban Jimeta gori da shi. Tsoronsa yana da tushe. Sana'ar fim sana'a ce da ake kashe kuɗi tukuna, sannan a jira. Kafin a ga hoto ɗaya, sai an biya hayar kyamara da fitilu, an ciyar da 'yan wasa, an sayi man janareta, an biya mai tace hoto. In an gama, ba wanda ya yi alkawarin saya. Masana'antar fina-finan Hausa ta Kano, wadda akan ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta ga yadda kasuwar kaset ta koma ta faifai, ta ga yadda masu satar fasaha suka cinye kasuwar faifan, har masu shiryawa da dama suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Duk sauyin da aka yi, akwai waɗanda ya bari a baya da bashi. Sunayen waɗanda suka ci nasara ne ake ji. Waɗanda suka sayar da fili suka yi fim ɗaya suka ɓace, ba mai gayyatarsu su ba da shaida.

Bugu da ƙari, waɗanda ake kafa misali da su ba su fita da hannu wofi ba. Ovbiagele ya fita da sanin kuɗi da lissafi na shekaru, kuma mahaifiyarsa, Helen Ovbiagele, sananniyar marubuciya ce. Kunle Afolayan, wanda shi ma ya bar banki, ɗan Adeyemi Afolayan ne, wato Ade Love, ɗaya daga cikin tsofaffin masu shirya fim na ƙasar Yarbawa. Saurayin Jambutu da shi kaɗai ne mai albashi a cikin mutum goma sha biyu, ba a wuri ɗaya yake tsaye da su ba. In ya faɗi, ba shi kaɗai zai faɗi ba.

A nan ne maganar ta tashi daga lissafi ta zama ta hakki. A Markus sura 7, Yesu ya tsauta wa waɗanda suke keɓe dukiyarsu da sunan Allah domin su kuɓuta daga taimakon iyayensu. Hujjarsu mai tsarki ce a baki, amma uwa da uba ne suka kwana da yunwa. A wannan zamani kalmar baiwa tana iya zama irin wannan mafaka. Wanda ya ce Allah ya ba shi baiwa, saboda haka kuɗin makarantar ƙanwarsa ba damuwarsa ba ce, ya sa wata ta biya bashin da shi ya ci.

Tsoro ma yana sa rigar hikima

Duk da haka, hujjar iyaye ba ta rufe magana ba. A misalin talanti cikin Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta bai saci kome ba, bai kuma yi hasarar kome ba. Ya binne abin da aka ba shi saboda tsoro, ya mayar da shi cif kamar yadda ya karɓa. A idon mai tsantseni, shi ne ya fi sauran hankali. A idon maigidan, shi ne ya gaza. Akwai mutanen da suka kai ga fansho ba tare da tabo ba, amma abin da aka ba su domin amfanin jama'a ya ruɓe a cikin ƙasa. Wannan ma hasara ce, ko da yake ba ta fitowa a takardar banki.

Ba daidai ba ne kuma a ɗauki ba da labari kamar wasan yara. A Littafin Fitowa, an ambaci Bezalel da suna a matsayin wanda Allah ya cika da gwanintar aikin hannu. Sa'ad da annabi Natan ya je gaban Sarki Dawuda, da labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa ya kama shi, har sarkin ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba. Labari yakan shiga inda tsawa ba ta shiga. Al'ummar da ba ta da masu ba da labarinta da gaskiya, waɗansu ne za su ba da shi a madadinta, yadda suka ga dama.

Mudu biyu, maƙeri ɗaya

Mai sayen hatsi a kasuwar Jimeta yakan dubi mudun kafin ya dubi hatsin, domin ya san akwai mudun da aka buga wa gindi. Haka ya kamata a yi da ma'aunin nasara. Mudun da iyaye suka gāda shi ne albashi, mota, da gidan kai. Mudun da matasa da yawa suke riƙe da shi shi ne suna: yawan masu kallo, hoto a bango, tafi a zauren biki. Matashi yakan ɗauka ya 'yantu sa'ad da ya yar da na fari ya ɗauki na biyu. Amma maƙeri ɗaya ne ya ƙera su, wato idon mutane. Wanda ya bar banki don a san shi, har yanzu abin da wane zai ce ne yake mulkinsa. Kasuwa ya sauya, mudun yana nan. Kuma mudun suna ya fi na albashi zalunci, domin albashi yakan zo ƙarshen wata, suna kuwa ba ya da ranar biya.

Tarihin Ousmane Sembène na Senegal ya nuna wani mudu dabam. An haife shi a 1923. Ya yi aikin gini, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa, sannan ya zama marubucin da aka sani. Yana dab da shekara 40 ya ajiye abin da ya riga ya ƙware a kai, ya tafi Mosko koyon shirya fim kamar sabon ɗalibi. Dalilinsa shi ne, mutanen da yake rubutu a kansu yawancinsu ba su iya karanta Faransanci ba. Ya ga littattafansa suna kawo masa yabo daga nesa, amma ba su isa ga 'yan dako da matan kasuwa ba. Gajeren fim ɗinsa Borom Sarret, labarin mai amalanke a Dakar, ya fito a 1963, kuma a 1968 ya shirya Mandabi da harshen Wolof. Sembène ya bar wurin da ake tafa masa ya tafi wurin da za a ji shi.

Akwai kuma darasi daga cikin gida. Adamu Halilu, haifaffen Garkida a 1936, ya shirya fim ɗin Shaihu Umar da Hausa a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. Ya rasu a 2001, a lokacin da mutane da yawa suka ɗauka fim ɗin ya ɓace. Bayan shekaru aka gano shi a rumbun Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, shekara 42 bayan an shirya shi, shekara 17 bayan mai shi ya kwanta dama. Da an auna shi ranar jana'izarsa, da an ce aikin ya bi ruwa. Wanda ya yi aiki mai kyau ba kullum yake raye ba sa'ad da aka zo awo.

Tambayoyin da suka fi albashi da suna

In albashi da suna ba su isa ba, da me za a auna? Akwai tambayoyi uku da matashi zai yi wa kansa, iyaye da dattawa kuma su yi masa cikin ƙauna.

Ta fari: wa aikin zai amfana? Mai son shirya fim ya iya faɗin mutanen da yake so ya ba da labarinsu, da dalilin da ya sa labarin ya cancanci a ji shi. Adamawa cike take da labaran da ba a ba da su ba: na masuntan Binuwai, na manomi da makiyayi da suka taso tare a Numan, na gwauruwar da ta koma Michika ta sāke ɗora jinka, na maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa na wani addini a ranar tashin hankali. Wanda duk amsarsa ta ƙare a kan kansa, bai shirya ba tukuna.

Ta biyu: wa zai ɗauki nauyin? Sadaukarwa ta gaskiya ita ce wadda mutum ya yanka daga nasa rabo. In shi ne zai bar motarsa ya hau keke, ya rage tufafi, ya koma ƙaramin ɗaki, wannan jaruntaka ce. In ƙanwarsa ce za ta bar makaranta, ko matarsa ce za ta ɗauki cefanen gida ba tare da an nemi yardarta ba, wannan zalunci ne da aka shafa wa turare. A Luka sura 14 an yi maganar mai ginin hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Manzo Bulus ma, duk da girman kiransa, ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti don kada ya nawaita wa kowa. Kunle Afolayan ya fito a fim ɗin Saworoide na Tunde Kelani a 1999, amma bai bar banki ba sai wajen 2005, sannan ya tafi ya yi karatun fim a New York, kafin The Figurine ya fito a 2009. Tsakanin sha'awa da ajiye aiki akwai shekaru na gwaji. Mai hankali yakan fara da Asabar da ranakun hutu, ya tara abin da zai riƙe gida na wani lokaci, ya sa wa kansa wa'adi, ya kuma faɗa wa iyalinsa gaskiyar abin da zai yi in wa'adin ya cika ba a ga kome ba.

Ta uku: zai ci gaba da koyo da aiki ko ba mai tafa masa? Baiwar da ba a horar ba kamar gonar da ba a nome ba ce. Rubutun labari, sarrafa haske, ɗaukar sauti da tace hoto duk ilimi ne da ake koya, ko a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware. Wanda ya yarda ya riƙe wa wani fitila shekara biyu ba tare da sunansa ya fito ba, ya nuna aikin yake so. Wanda yake so ya zama darakta tun ranar fari, kujerar yake so.

Rabon iyaye da ikkilisiya

Iyaye suna da hakkin su tambaya, su yi gargaɗi, su kuma ƙi a sayar da gonar gado don fim. Amma kuɗin makarantar da suka biya ba su sayi ran ɗansu da shi ba. Abin da suke binsa shi ne kulawa da girmamawa. Bai zama dole ya biya su da irin aikin da suka zaɓa masa ba, muddin ya biya. Yana da kyau kuma uba ya bincika zuciyarsa: yunwa yake tsoro, ko kuwa abin da za a ce a bakin majami'a in an tambaye shi inda ɗansa yake aiki? Na fari damuwa ce ta halal. Na biyu mudun idon mutane ne, irin wanda ake zargin yaron da shi.

Ikkilisiya ma tana da abin gyarawa. Sau da yawa ita ce take fara gano baiwar yaro a wasan Makarantar Lahadi, ta yi amfani da shi kyauta shekara da shekaru, amma ranar da ya ce zai mai da abin sana'a sai ta juya masa baya. In ana kiran wanda ya sami ƙarin girma a ofis ya fito gaba a yi masa addu'a, ya dace a yi wa wanda ya kama aiki mai wuya da gaskiya haka nan. Dattawan da suka san kasuwanci za su iya zama da shi su duba lissafinsa. Za su iya faɗa masa in labarinsa bai yi kyau ba, domin yabon ƙarya ya kashe baiwa fiye da suka. Za su iya kuma tsayawa kusa da shi in ya gwada bai dace ba, don ya san komawa aikin albashi ba abin kunya ba ne.

A koma ga ɗan da ke durƙushe gaban mahaifinsa. In ya zo da buri kawai, uban yana da gaskiya ya ce ya dakata. In kuwa ya ce, "Baba, ga abin da na tara, ga kuɗin makarantar ƙanwata na shekara biyu na keɓe, ga wurin da zan koya, ga labarin mutanenmu da nake so in bayar, in kuma shekara uku ta wuce ban tsaya da ƙafafuna ba zan nemi wani aiki," to, wannan ba maganar ruɗaɗɗe ba ce. Uban da ya ji haka yana iya sa masa albarka da zuciya ɗaya, ko da bai taɓa shiga gidan kallo ba. Wataƙila fim ɗin ya kai Berlin, wataƙila iyakarsa harabar wata makaranta a Girei. Wannan ba ya hannun uba ko ɗa. Abin da ke hannunsu shi ne a yi aikin da gaskiya, a yi shi da kyau, kada kuma a bar kowa da yunwa saboda shi. Wanda ya cika waɗannan ya cika mudunsa, ko an san sunansa ko ba a sani ba. Allah ya ba iyaye da 'ya'ya hikimar zama su saurari juna.